Kafin Ku Miƙa Tsohuwar Takardar Gwajin Basira

'Ya'yana, akwai tambayar da ta fara yawa a bakin matasanmu da suka fita karatu waje, da waɗanda aka haifa a can. Sai ka ji yaro ya ce an taɓa auna basirarsa a makaranta ko a asibiti, takardar tana nan a ajiye, ko za ta iya shigar da shi ƙungiyar masu kaifin ƙwaƙwalwa ba tare da ya sake zama jarrabawa ba? Amsar ita ce tana iyawa. Sai dai na daɗe ina aikin ba ɗalibai shawara kan karatu, kuma na ga yara masu hankali suna tuntuɓe a wuri guda, wannan na bin wancan. Wasu kuɗinsu ne ya tafi a banza. Wasu kuma sun dawo suna kallon kansu da wani ido daban, ko na raini ko na ji da kai. Duk ana iya kauce musu in an san yadda abin yake tafiya.

Ƙungiyar da aka fi sani ita ce Mensa, wadda aka kafa a birnin Oxford na Ingila a shekarar 1946. Mutum biyu suka assasa ta: Roland Berrill, wani lauya ɗan Ostireliya, da Lancelot Ware, Baturen Ingila da ya karanci kimiyya sannan ya koma aikin lauya. A jirgin ƙasa suka haɗu, hira ta kai su ga shawarar kafa ƙungiyar da ba za ta tambayi mutum addininsa ko launinsa ko gidan da ya fito ba. Sharaɗinta ɗaya tak, wato a kawo shaidar cewa a wani amintaccen gwajin basira, wanda aka yi a gaban mai sa ido, mutum ya faɗo cikin kashi 2 cikin 100 na sama. Yau tana da 'yan ƙungiya wajen 150,000 a ƙasashe kusan 90, kuma reshen Amurka ya fi kowanne girma.

Ku ɗan tsaya a kan wannan kashi 2 cikin 100, domin da yawa suna jin sa kamar wani abu daga sama. Ma'anarsa mutum ɗaya cikin 50. A makarantar da ke da ɗalibai 1,000, lissafi ya ba da 20. A garin da ke da mutum miliyan ɗaya, 20,000 ke nan, kuma mafi yawansu har su koma ga Allah ba wanda zai auna su. Baiwa ce da ta cancanci godiya, amma ba ta kai ta sa mutum ya daina gaida maƙwabta ba.

Hanyar shiga biyu ce. Ko dai ka zauna jarrabawar da ƙungiyar ke shiryawa da kanta, ko ka kawo sakamakon gwajin da aka taɓa yi maka a wani wuri. Ta biyun ita ce zancenmu. Reshen Amurka yana karɓar sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, kuma jama'a da dama ta nan suke shiga. Ƙananan yara ma ba su da wata hanya sai ita, tunda jarrabawar ƙungiyar a Amurka ta 'yan shekara 14 zuwa sama ce, a Birtaniya kuma sai yaro ya haura shekara goma da rabi. Duk labarin da kuka ji na ɗan shekara uku ya shiga Mensa, rahoton masanin halayyar ɗan Adam iyayensa suka aika.

Tuntuɓe na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne ɗaukar gwajin waya a matsayin shaida. Wani saurayi ɗan aminina ya taɓa miƙo mini wayarsa, bakinsa har kunne. Allon ya nuna 147, ga hoton ƙwaƙwalwa tana walƙiya, a ƙasa an rubuta masa cewa ya fi kusan kowa a duniya. Na tambaye shi a ina ya yi. Ya ce a kan gado, bayan sallar isha, bai kai minti ashirin ba, kuma ba karon farko ba ke nan. Shafin ya ce ya biya 'yan daloli a aiko masa da takardar shaida mai zanen zinare a gefe, ya biya. Da wata ya zagayo sai ya ga an sake cirar kuɗi daga katinsa, ashe rajistar wata-wata ya amince da ita bai lura ba. Ɗana, araha ba ta ado. Babu wata ƙungiya mai mutunci da ke karɓar irin wannan takarda. Hatta gwajin share fage da ita Mensa ke sakawa a shafinta na intanet, ba ya shigar da kowa, an yi shi ne don mutum ya ɗanɗana.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin gwajin gaske. Ɗauki na Wechsler, wanda David Wechsler ya fara fitarwa a 1939, kuma har yau shi masana suka fi amfani da shi. Kai da masani ne kawai a ɗaki, fuska da fuska, na tsawon sa'a ɗaya zuwa biyu. Zai zube maka 'yan tubala masu launin ja da fari ya ce ka haɗa su su yi daidai da zanen da ke gabanka, agogo na hannunsa. Zai karanto lambobi ya ce ka maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Zai tambaye ka ma'anar kalmomi, da abin da ya haɗa wannan abu da wancan. Umarnin da ya karanta maka shi ake karanta wa kowa, lokacin da ya ba ka shi ake ba kowa, kuma ya tabbatar kai ne ke amsawa, ba yayanka ba. Daga nan sai a kwatanta amsoshinka da na dubban tsararrakinka da aka riga aka auna. Wannan kwatancin shi ne lambar da ake kira IQ. In babu shi, lambar ado ce kawai.

Sai kuma masu takarda ta gaske, amma ba irin wadda ake nema ba. Sakamakon WAEC da NECO da JAMB, ko na bakaloriya ga 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi, shaida ce ta abin da aka koya maka ka riƙe, kuma abin alfahari ne, amma kada ka sa rai zai buɗe wannan ƙofa. Haka jarrabawar Turanci irin IELTS, harshe take aunawa. Ƙungiyar tana bambanta gwajin abin da aka koya da gwajin yadda mutum ke warware abin da bai taɓa gani ba, kuma reshen Amurka yana tsaurarawa har a kan jarrabawoyin ƙasarsa. Dubi SAT, wadda ɗaliban Amurka ke zama don shiga jami'a. Wanda ya zauna ta tsakanin ƙarshen 1974 da Janairun 1994 ya sami maki 1250, reshen Amurka ya yarda da shi. Wanda ya zauna bayan nan, ko ya cinye makin duka, ba a karɓa, saboda an sauya jarrabawar ta karkata ga abin da ake koyarwa a aji. Haka kuma ba a karɓar ACT, ita ma ta shiga jami'a, in bayan 1989 aka zauna ta, ko GRE ta masu neman babban digiri in bayan 2001 ne. Waɗanda suka fi shafarku su ne GMAT ta masu neman babban digirin kasuwanci da LSAT ta masu neman karatun lauya, waɗanda reshen ya daɗe yana karɓa ga wanda ya faɗo cikin kashi 5 cikin 100 na sama. An sassauta zuwa kashi 5 ne domin masu zaman waɗannan jarrabawoyi tun asali zaɓaɓɓu ne, ba gama-garin jama'a ba. Jerin yakan canza, kuma na reshen wannan ƙasa ba lallai ya zama na waccan ba. Matambayi ba ya ɓata: rubuta wa reshen da kake nufi, ka faɗa musu sunan gwajin da shekarar da aka yi maka, kafin ka fitar da ko sisi.

Yanzu mu zo inda na fi so ku buɗe kunne, wato karanta lambar kanta. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san mudu suna ya tara. Na wannan kasuwa ya fi na waccan ciki, shi ya sa mai wayo ba ya tsayawa kan mudu nawa, sai ya ji da wane mudu aka auna. Gwaje-gwajen basira duka sun ajiye tsaka-tsakin mutane a kan 100, amma faɗin takin da suke hawa da shi ya bambanta. A na Wechsler taki ɗaya maki 15 ne, a tsohon Stanford-Binet 16, a na Cattell da reshen Birtaniya ke amfani da shi kuwa 24. Kashi 2 na sama suna farawa ne wajen taki biyu daga tsakiya. Saboda haka 130 a na farko, da 132 a na biyu, da 148 a na uku, duk matsayi ɗaya ne. Mai 140 a gwajin Cattell bai kai ba, domin in an juya makinsa zuwa na Wechsler 125 ne, alhali mai 131 a na Wechsler ya wuce. Na sha ganin samari biyu suna musu kan wanda ya fi, kowa na ɗaga lambarsa, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa sunan gwajin. Abin da ya kamata ido ya fara nema a rahoto shi ne layin da ya ce mutum nawa cikin ɗari ka wuce. Shi ba ya canzawa daga gwaji zuwa gwaji.

Akwai kuma tsohon lissafi da ke haifar da lambobi masu ban tsoro. Bajamushe William Stern ya kawo shawararsa a 1912, Lewis Terman na jami'ar Stanford ya ɗora gwajinsa a kai a 1916. Ana raba shekarun hankalin yaro da shekarun haihuwarsa, a ninka da 100. Ɗan shekara 8 da ya amsa tambayoyin 'yan shekara 12 sai a rubuta masa 150. Wannan yana nuna yaron ya riga tsararrakinsa ne a lokacin, kuma ba ya aiki ga manya, tunda ba wanda zai ce ɗan shekara 30 mai tunanin ɗan shekara 60 ya ninka kowa basira. Da irin wannan lissafi aka ba Marilyn vos Savant, wata Ba'amurkiya, maki 228 daga gwajin da aka yi mata tana 'yar shekara 10, har littafin bajinta na Guinness ya sa ta a matsayin wadda ta fi kowa. A 1990 littafin ya soke wannan babi gaba ɗaya, don ya gane lambobin ba abin dogaro ba ne. In wani ya ce muku makinsa 200, ku yi masa fara'a ku wuce.

'Yata, ke ma ga naki. Wata ɗaliba da ta tashi a Ingila ta taɓa kawo mini rahoton da aka rubuta a kanta tana makarantar sakandare. Ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin 138, tana shirin aikawa. Da muka bi shafin tare a hankali sai muka ga 138 ɗin na ɓangaren fahimtar kalmomi ne kaɗai. Na saurin aiki bai kai haka ba, jimillar duka kuwa 126 ce, a gefenta an rubuta cewa makinta na gaskiya yana iya faɗawa tsakanin 121 da 130. Akasari jimillar ake dubawa, ko da yake wasu rassa suna karɓar wani haɗin maki na daban, shi ya sa na ce ta tambaya tukuna. Waccan tazara da ke gefen lamba kuwa, ba a rubuta ta don cika shafi ba. Masanan da kansu ne ke faɗa muku cewa awon yana da kuskure na 'yan maki sama ko ƙasa. Rashin barci, zazzaɓi, fargaba, ko ɗaki mai hayaniya, duk suna taɓa shi. Tsakanin mai 128 da mai 131 babu wani bambanci da za a gani a rayuwa. Ƙungiya ce dole ta ja layi a wani wuri, ta ja shi a nan.

Rahoton yarinyar nan ya koya mini wani abin da nake so ku riƙe. Ba don neman shiga ƙungiya aka yi mata gwajin ba, an yi ne saboda tana shan wahalar karatu da sauri. Cikin shafukan akwai tarihin lafiyarta, da zancen rabuwar iyayenta, da abin da malamanta suka faɗa a kanta. Yawancin tsofaffin rahotanni haka suke, domin matsala ce ke kai yaro gaban masani. Kada ku kwashi sirrin gidanku ku aika wa baƙi. Abin da ake buƙata kaɗan ne: sunanka, sunan gwajin da bugunsa, ranar da aka yi, jimillar maki da matsayinka cikin ɗari, a kan takarda mai tambarin makaranta ko na masanin, da sa hannunsa da lambar lasisinsa. Ka roƙi wanda ya yi gwajin ya rubuta maka wannan a shafi guda. Kuma kada ka ɗora hoton rahotonka a Facebook don a yaba, abin da ya hau can ba ya saukowa.

Batun tsufan takarda yana ruɗa mutane, to ga yadda yake. Tsufan sakamako ba aibi ba ne in an yi gwajin a zamaninsa. Matsalar ita ce a yi maka tsohon bugu a yau. James Flynn, wani malamin jami'a a ƙasar New Zealand, ya nuna cewa a ƙarni na 20 makin jama'a a ƙasashe da dama ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara goma. Shi ya sa ake sabunta gwaje-gwajen. Na manya na Wechsler ya fito a 1955, aka sake shi a 1981, da 1997, da 2008. Wanda aka auna shi bana da bugun 1981, da mutanen wancan zamani aka kwatanta shi, makinsa zai kumbura da kusan goma ko fiye. A wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci ana samun masu riƙe da tsohon bugu suna aiki da shi, wani lokacin ma kwafinsa aka ɗauka. In za ka biya a auna ka, tambayi wane bugu ne, kuma ko mai gwajin yana da lasisi. In an auna ka ba ka kai ba, kada ka ruga a sake washegari. Wanda ya ga tambayoyi jiya zai fi iya su yau, masana sun san haka, shi ya sa ake son a bar kamar shekara guda tsakani.

Ba na zargin kowa, amma zamani ne da ake gyara takarda a kwamfuta cikin minti biyar, kuma zuciya takan raya wa mai 128 cewa maki biyu ba komai ba ne. Ɗana, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba a karɓar hoton takarda haka kawai. Ko dai asalinta, ko kwafin da lauya mai hatimin tantancewa ya buga wa hatimi, ko kuma makarantar ko masanin su aika da kansu, sannan akwai ƙwararren da ke duba ta. Ko da ta wuce, me ka samu? Ka biya kuɗi don ka zauna cikin mutanen da kullum kake tsoron su gano ka.

Ga waɗanda Allah ya ba 'ya'ya da wuri, kalma ɗaya. Makin ƙaramin yaro yana motsi sosai kafin ya girma, kuma yaron da aka saba gabatarwa a gaban baƙi da lambarsa yakan fara gudun duk abin da zai iya faɗuwa a cikinsa, don kada sunan ya zube. In gwajin zai taimaka a sama masa karatun da ya dace da shi, madalla. In don a faɗa a gidan biki ne, ku bar yaro ya yi wasansa.

To, a ce ka bi duk ƙa'ida, amsa ta zo cewa ba ka kai ba. A nan ne nake jin tsoro, domin na ga yaron da ya bar fannin da yake so saboda lamba guda. Ku san asalin abin. Alfred Binet da Theodore Simon sun ƙirƙiro gwajin farko a birnin Paris a 1905 domin a gano yaran makaranta da ke buƙatar ƙarin taimako. Binet kansa bai yarda basira abu ne tsayayye da ba ya ƙaruwa ba, ya yi jayayya da masu faɗin haka. Terman kuwa ya yi imani da lambar sosai. A 1921 ya fara tattara yara fiye da 1,500 masu maki mafi yawa a jihar Kalifoniya, aka bi rayuwarsu har tsufa. Da yawansu sun yi kyau, sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, wannan gaskiya ne, gwajin ba wasa ba ne. Amma cikin yaran da aka auna aka ce ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez. Na farko ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1956, na biyu a 1968. Cikin zaɓaɓɓun babu wanda ya ci.

Ku kuma akwai ƙarin abin lura, tunda yawancinku da Hausa kuka fara magana. Gwajin da ke tambayar ma'anar kalmomin Turanci, aka kuma tsayar da ma'auninsa a kan yaran Amurka ko Birtaniya, yana auna basira haɗe da daɗewar kunne a cikin Turanci. Har yadda ake son a yi tunani ma koyonsa ake yi. Wani mai bincike, Joseph Glick, ya yi aiki cikin manoman Kpelle a Laberiya. Ya zube musu kayan abinci da kayan aiki da tufafi da mazubai ya ce su kasa su. Sai suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, suka ce mai hankali haka zai yi, tunda da wuƙa ake yanka lemo. Da ya tambaye su yadda wawa zai kasa, sai suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, wato daidai amsar da gwaji ke ba maki. Ba ina cewa ku raina gwajin ba ne. Ina cewa ku zaɓi wanda ya fi yi muku adalci. Akwai na zane-zane zalla, irin wanda John Raven ya fitar a 1938, inda ake nuna maka jerin siffofi ka gano wadda ta ɓace. A zaman jarrabawar reshen Birtaniya takarda biyu ake bayarwa, ta kalmomi da ta siffofi, kuma cin ɗaya ya wadatar. Sau da yawa wannan zama ya fi sauƙin kuɗi a kan biyan masani ya rubuta sabon rahoto.

In kuma amsa ta zo cewa an karɓe ka, ina taya ka murna, sai dai ka san abin da ka saya. Za ka riƙa samun mujalla, da gayyatar zama a gidan cin abinci ko gidan wani ɗan ƙungiya, da taron shekara, da ƙananan rukunoni na masu sha'awar abu guda, daga dara da taurari zuwa girki. Akwai tsarin da 'yan ƙungiya ke karɓar baƙuncin ɗan'uwansu matafiyi su nuna masa gari. Ga ɗalibin da ke kaɗaici a wata ƙasa mai sanyi, ko yarinyar da ta gaji da a ce mata ta cika tambaya, wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma shi ne dalili mafi kyau na shiga. Amma katin ba ya ba da biza, ba ya ba da gurbin karatu, ba ya ba da aiki. Tallafin karatun da gidauniyar Mensa ke bayarwa a Amurka ma da rubutun insha'i ake cinsa, kuma ba sai ɗan ƙungiya ba. Shi kansa Ware, a ƙarshen rayuwarsa, ya nuna takaicin yadda 'yan ƙungiya ke ɓata lokaci mai yawa kan wasan wasa ƙwaƙwalwa. Marubuci Isaac Asimov, wanda ya riƙe muƙamin girmamawa na mataimakin shugaba a ƙungiyar, ya koka da waɗanda ba su da zance sai makinsu.

A ra'ayina, kada ka rubuta shi a takardar neman aiki, sai in wurin ne ya tambaya. Mai ɗaukar ma'aikaci yana son ya ga abin da ka gina, ko ka gyara, ko ka rubuta, ko ka sayar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wasu ma da sun gani sai su fara tunanin ko za ka yarda a gyara maka kuskure. A gida kuma, yabon kai jahilci ne, kuma ƙaninka da ba a taɓa aunawa ba yana iya fin ka.

Wani abin da ke kama masu shiga shi ne hangen matakin gaba. Akwai Intertel, da aka kafa a 1966, ta mutum ɗaya cikin 100. Akwai Triple Nine ta 1978, ɗaya cikin 1,000. A 1982 Ronald Hoeflin ya kafa Prometheus, ɗaya cikin 30,000, da Mega, ɗaya cikin miliyan. Gaba da gabanta. Sai dai ku yi wannan lissafi: bugun 2008 na gwajin Wechsler a kan mutum 2,200 aka tsayar da ma'auninsa, kuma makinsa a 160 ya tsaya. Ta yaya awon da aka gina a kan 'yan dubbai zai tantance ɗaya cikin miliyan? Shi ya sa masu neman can ƙololuwa suka koma ga gwaje-gwajen da suka ƙirƙira da kansu, waɗanda ake yi a gida ba mai sa ido, kuma masana da yawa ba su gamsu da su ba. Ƙasa da waɗannan kuma akwai tarin ƙungiyoyin intanet masu manyan sunaye, waɗanda mutum ɗaya ne shugaba, shi ne mai gwaji, shi ne ma'aji. Duk wadda ita ke sayar maka da gwajin, ita ke ba ka makin, ita kuma ke karɓar kuɗin takardar shaida, ka riƙe aljihunka.

Saura lissafin kuɗi. Ana biyan kuɗin duba takarda sau ɗaya, sannan kuɗin zama ɗan ƙungiya duk shekara, da dala ko fam ko kuɗin ƙasar da reshen yake. Wanda ke zaune a ƙasar da babu reshe yana iya yin rajista kai tsaye da uwar ƙungiya a Ingila, amma abin da zai samu bai wuce mujalla da hira ta intanet ba, tunda babu zaman da zai halarta. Ka auna wannan da canjin kuɗi na yau, ka ga ko ba littattafai ko wani kwas ya fi dacewa da kuɗin ba. In kana inda reshe yake, rassa da dama sukan bar baƙo ya zo zama ɗaya ya gani, ka je ka ji irin hirar tukuna. Babu gaggawa a ciki. A reshen Amurka, wanda ya taɓa cancanta, ko ya daina biya na shekaru, in ya dawo ba a ce masa ya sake kawo shaida, kuɗin shekarar kawai zai biya.